Tsohon ampilin gitar mai kwalba: tambayoyin da ake yi mani a shago da amsoshinsu

Gyaran radiyo gadonsa na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi zamani da radiyo mai kwalba, kuma a gabansa na koyi riƙon ƙarfen dalma, nan unguwar Zengo a Damagaram. Da tiranzisto ya ci kasuwa sai kwalba ta ɓace daga teburinmu shekara da shekaru, har ranar da ƴan gitar suka fara sallama da tsofaffin ampili, wato akwatin ƙara muryar gitar, a kafaɗa, wani daga Agadas, wani daga Kano, wani kuma daga ɗakin shirgin kakansa. Tambayoyinsu kusan iri guda ne, na maimaita amsa har bakina ya gaji, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Tsofaffin ma'aikata suna ce wa kwalbar nan lamp, irin faɗar Faransawa. Ni kwalba zan riƙa cewa.

Maigida, mene ne bambancinsa da ampilin da ake sayarwa a kasuwar Dole?

Na kasuwa tiranzisto ne ke ƙara masa murya. Wannan kuwa kwalabe ne na gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu. A tsakiyar kowace akwai zare da ke ɗaukar zafi da wutar bolt 6.3, sai faranti da ake ɗora wa wuta mai ƙarfi, daga bolt 300 har kusan 500 a manyan kwalabe, sai kuma wata ƴar raga tsakaninsu. Siginar gitar, wadda ba ta kai ko bolt ɗaya ba, a kan ragar nan take sauka, ita ke buɗe hanya tana rufewa, sai babbar wuta ta bi sawunta. Lee de Forest ne ya saka ragar a 1906, tiranzisto bai zo ba sai 1947.

Ƙananan kwalabe, irin 12AX7 da Turai ke kira ECC83, su ke fara ɗaga murya. Manya, irin 6L6, 6V6, EL34 da EL84, su ke tura lasifika, amma ta hannun wani taransifo da ake ce wa na fita. Ka riƙe sunan wannan taransifon, za mu yi ta komawa kansa.

Abin da ke sa mutane haukansa shi ne halinsa idan an matsa masa. Tiranzisto in ya kai iyaka sai ya yanke murya kamar an sa almakashi. Kwalba kuwa a hankali take dishewa, kamar maroƙin da ya kwana yana kirari: muryar ta yi kauri, ta yi gurnani, amma kana jin kowace kalma. Ka taɓa tsirkiya da sauƙi ta fito tas, ka ɗan ƙara ƙarfin yatsa ta yi ruri, duk ba ka taɓa maɓalli ba.

To ya fi na tiranzisto ke nan?

Ya danganta da inda za ka kai shi. In sana'arka kiɗan biki ne, yau Mirya gobe Magarya, kullum a bayan kabu-kabu, kullum a kan ƙaramin gurup, wato janareta, to ka sayi na tiranzisto ka huta. Bai da nauyi, ba ya fashewa, ba ya jin haushin wuta kamar wannan. Roland JC-120 da ya fito a 1975 ko kwalba ɗaya babu a cikinsa, kuma manyan makaɗa ba su raina shi ba. Twin Reverb mai kwalba kuwa ya kai kilo 30, ka tambayi bayanka tukuna.

Inda tsohon ampili ya yi zarra shi ne gyaruwa. An haɗa shi da hannu, waya bayan waya, kowane abu a fili, kana iya bin hanyar sigina da ido tun daga ramin gitar har lasifika. Na zamani in wani ɗan ƙwayar da ke kan katinsa ya ƙone, sau da yawa sai dai a jefar. Ampilin 1965 kuwa, muddin taransifonsa biyu, na wuta da na fita, na da rai, babu abin da zai same shi da ba zan iya maye gurbinsa ba a kan teburin nan.

Wane iri ne ake nema, kuma yaya zan gane shekarunsa?

Uku ne suka fi suna. Fender na Amurka, wanda Leo Fender ya kafa a Fullerton ta Kalifoniya a 1946. Vox na Ingila, mai AC30 da kwalaben EL84 guda huɗu. Sai Marshall, shi ma na Ingila, wanda Jim Marshall ya fara da JTM45 a 1962.

A cikin Fender ana rarrabe su da tufafinsu. Na shekarun 1950 an lulluɓe su da yadi mai ruwan ƙasa-ƙasa. Masu baƙar fuska sun fito daga 1963 zuwa 1967, su ne irin Deluxe Reverb mai wat 22 da Twin Reverb mai wat 85. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, daga 1968 fuskar ta koma ruwan azurfa, aka kuma soma sassauya cikin. Masu baƙar fuskar sun fi tsada, amma masu azurfar ma da hannu aka haɗa su, ban yarda a raina su ba.

Mu nan da Faransa ta yi mana mulki, kada ka yi mamaki in ka ci karo da Garen ko Stimer na Faransa, ko Dynacord na Jamus. Ba su da sunan waɗancan, sai dai an gina su a kan wutar Turai, abin da ya rage mana rabin wahala.

Maganar shekaru, fuska na iya yin ƙarya, don ana sayar da sababbin fuskoki. Lambobin da ke jikin kayan ciki sun fi gaskiya. A kayan Amurka lambobi ukun farko na kamfanin da ya ƙera abin ne: 137 na CTS ne mai maɓallan juyawa, 220 na Jensen mai lasifika, 606 na Schumacher mai taransifo. Sauran lambobin shekara ce da sati. In ka ga 1376512 a bayan maɓalli, an yi shi a sati na 12 na 1965. A Fender kuma akwai takarda manne cikin akwati da aka buga wa haruffa biyu, na farko shekara, na biyu wata. O na nufin 1965, A na nufin Janairu. In lambobin duka sun zo kusa da juna, ampilin bai sha hannu ba.

Na samo na Amurka. In na sa masa ɗan adafta a kan filogi zai yi?

A'a! Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mani kafin a aikata, amma yawanci bayan an aikata ake zuwa. Kuran ɗinmu bolt 220 ne. Tsohon ampilin Amurka an yi shi don bolt 117 ko kusa da haka. Adafta siffar baki kawai yake canzawa, wuta tana nan yadda take. Wani yaro ya taɓa kawo mani ƙaramin Fender da kawunsa ya aiko masa, ya ce ya jona shi bai kai ƙiftawar ido ba sai hayaƙi. Tun daga bakin ƙofa na ji warin ƙonannen barniz, na san taransifon wuta ya tafi. Fizibil ɗinsa, ƴar wayar nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, an saka masa wanda ya fi ƙarfinsa tun can, shi ya sa ba abin da ya tare.

Abin da za ka yi, ka juya bayansa ka karanta. Wasu da aka yi don fitarwa waje, da yawancin Vox da Marshall, suna da maɓallin zaɓen wuta, sai ka kai shi 220, ko 240 in wutar unguwarku mai hawa ce. In ka koma 220 daga 117, fizibil ma rabin na da zai koma. In babu maɓallin, sai ka nemi taransifo mai sauke wuta daga 220 zuwa 110, na gaske mai nauyin ƙarfe da jan waya, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da ampilin ke ci. Mai wat 300 ya ishi ƙananan, Twin kuwa ka ba shi mai 500. Ƴan mitsi-mitsin nan marasa nauyi na matafiya, na dutsen guga ne, kada su kusanci ampili.

Akwai kuma abin da mutane ba su lura da shi. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Taransifon da aka naɗa don 60 yana ƙara zafi a kan 50 ko da bolt ɗin daidai yake. Shi ya sa na fi son in ba shi 110 da in ba shi 120. Hanyar tabbatarwa ita ce auna wutar zaren kwalba: in tana tsakanin 6.0 da 6.6, lafiya lau.

Gurup fa, ko sola?

Ƙananan gurup ɗin nan masu cin mai gauraye da baƙin mai, wutarsu hawa da sauka take. Haɗarin yana lokacin da aka kashe wani babban abu da ke kan layin, ko man ya kusa ƙarewa injin ya fara tari, sai wuta ta yi tsalle. Ka tayar da gurup ya daidaita kafin ka jona, ka kashe ampili kafin a kashe gurup, ka kuma sa regilata a tsakani. In an ɗauke kuran kana cikin kiɗa, ka kashe maɓalli nan take, kada dawowar wuta ta same shi a buɗe.

Sola tana yi, da sharaɗin na'urar da ke juya wutar batir ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta gari. Masu arahar suna sa taransifo kuka da zafi, kuma za ka ji ƙugi a lasifika.

Ya shekara ashirin a ajiye. In kunna in ji ko yana yi?

Ka haƙura. Cikinsa akwai manyan kwandansa masu tace wuta, a cikinsu akwai wani ruwa-ruwa da ke bushewa da tsufa, balle a zafin Damagaram. In ka watsa musu bolt 450 kai tsaye bayan dogon barci, suna iya fashewa ko su ja taransifo su tafi tare.

A fara buɗewa a duba. Abin da na tarar a cikin ampili ba ya ƙirguwa: sheƙar ɓera, ƙwan ƙadangare, gara ta cinye katakon ƙasa. Wani na same shi da gidan zanzaro har uku, ɗaya daidai kan ƙafafun mazaunin babbar kwalba. Laka ce busasshiya, amma da damina ta sha raɓa sai ta zama hanyar wuta.

Bayan shara sai a kunna shi ta cikin ƙwan fitila. Dabara ce tsohuwa: ka jera ƙwai mai zare, na wat 60 ko 100, a kan waya ɗaya da ke shiga ampili. In lafiya yake, ƙwan zai yi haske farat ɗaya sannan ya dushe. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke zuba, kuma ƙwan ya shanye dukan a madadin taransifo. Dole ne ya zama mai zare, na zamanin nan marasa cin wuta ba sa wannan aiki. Sun fara wuya a kasuwa, ni duk inda na gani saye nake in ɓoye.

Gaskiya ne yana iya kashe mutum ko an zare shi daga wuta?

Gaskiya ne. Kwandansan nan na riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare filogi, wani lokaci har washegari. Ni kaina na taɓa sha ina saurayi, hannuna ya yi tsalle ya bugi gefen shasi, wato ƙarfen da kayan ciki ke zaune a kansa, tabon yana nan. Abin da Baba ya ce mani ranar shi ne in riƙa sa hannun hagu cikin aljihu in ina aunawa, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. Kafin a taɓa komai ana sauke wutar kwandansa ta cikin rezistans, ɗan abin da ke rage gudun wuta, zuwa shasi, a auna da mita a ga ta sauka. Masu haɗa ta da sukundireba su ji tartsatsi, wasa suke da ransu da kayan mutane.

Haɗari na biyu ya fi shafar makaɗi. Tsofaffin ampilin Amurka filoginsu baki biyu ne, kuma akwai wata ƴar kwandansa tsakanin wutar gari da shasi. In ta lalace, shasi ya ɗauki wuta, kuma tsirkiyoyin gitar a haɗe suke da shasi. Hannunka na kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirfo, ka zama waya. Makaɗin gitar Leslie Harvey haka ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa yadda ya kamata ba. Saboda haka aikin farko da nake yi wa kowane tsohon ampili, ko mai shi bai nema ba, shi ne cire wannan kwandansar da saka waya mai baki uku.

Sai dai baki na ukun ba ya amfani in ginin ba shi da wayar ƙasa, kuma gidajenmu da yawa ba su da ita. Ka sa mai haɗa wuta ya kafa maka sandar jan ƙarfe, a wurin da ke samun danshi, kusa da makwarara ko gindin randa, don busasshen yashi ba ya karɓar wuta. Kada kuma ka yi kiɗa ƙafa ba takalmi a kan siminti.

Me ya kamata a canza, me ya kamata a bari?

A nan nake saɓawa da abokan sana'a da yawa. Wani in ya buɗe ampili sai ya kwashe komai ya zuba sabo, ya ce ya yi gyara. Ya zubar da abin da ya sa aka sayi ampilin.

Waɗanda ake canzawa ba tare da jayayya ba: kwandansan tace wuta, da ƙananan ƴan'uwansu masu ruwa a ciki, da ta layin bayas, wanda za mu zo kansa, da wayar wuta. Waɗannan kamar tayar mota suke, suna da wa'adi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu, ka kuwa san yadda Afrilu da Mayu suke a garin nan, sama da 40 a inuwa. Shi ya sa nake sa masu jure digiri 105.

Sauran kuwa sai an auna. Kwandansan da ke tsakanin kwalba da kwalba, in ba sa yoyon wuta, a bar su. Tsofaffin rezistans masu ruwan ƙasa suna hawa da tsufa, wanda ya wuce kima a cire, wanda ke kusa da lambarsa a ƙyale shi. Duk abin da na cire ina zuba shi a leda in miƙa wa mai shi, ya ajiye. Ranar sayarwa mai saye zai tambaya.

Mene ne bayas da ake ta faɗi?

Daidaita abin da manyan kwalabe ke ci ne lokacin da ba a kiɗa, kamar silo a mota. In ya yi ƙasa murya ta bushe, in ya yi sama kwalba ta yi ta dahuwa har farantinta ya yi ja kamar garwashi. In ka taɓa hango wannan jan, ka kashe nan take.

Ampili iri biyu ne. Irin Champ na Fender da AC30 suna daidaita kansu ta wani rezistans, sai dai ka sa kwalba ka ci gaba. Irin Twin, Deluxe Reverb da Marshall sai an auna duk lokacin da aka canza manyan kwalabe. Lissafin ba wuya. Kowace kwalba na da iyakar zafin da farantinta ke ɗauka: 6L6GC wat 30, EL34 wat 25, EL84 wat 12. An saba tsayawa a kashi 70 cikin 100. Misali 6L6GC a kan bolt 450: kashi 70 na 30 shi ne 21, ka raba da 450, ya ba ka wajen miliampa 46. Wannan lissafin ƙasashen sanyi ne da wuta mai tsayawa wuri ɗaya. Ni a nan kashi 60 nake sawa, miliampa 40 ke nan, don in wuta ta hau da tsakar dare a sami sarari. Kunne ba ya jin bambancin sosai, aljihu kuwa yana ji.

Ina ake samun kwalabe yanzu?

Har yau ana ƙera su, a wurare ƙalilan. Akwai masana'antar Saratov a Rasha da ke yin masu sunan Sovtek, Electro-Harmonix da Tung-Sol, akwai JJ a Sulobakiya, akwai na Sin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi, sun yi wuya a duniya duka, kuɗinsu ya hau. Mu nan sai dai saƙo ta hannun mai zuwa Kano ko Legas, ko ɗan'uwa da ke Turai. Manyan a saye su bibbiyu ko hurhuɗu waɗanda aka auna suka yi daidai da juna.

Kada ka yi saurin zubar da tsofaffin. Ƙananan kwalabe na RCA, Mullard, Telefunken ko Philips suna iya shekaru da yawa suna aiki, kuma sun fi sababbi daraja. Manyan ne ke saurin gajiya. Baƙin tabo mai ƙyalli a saman gilashi lafiya ne, in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, ta mutu. Ɗan shuɗin haske a jikin gilashi ba komai ba ne. In ampili na fito ko ƙara kamar ƙararrawa, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙananan ɗaya bayan ɗaya da fensir, mai laifin za ta amsa a lasifika. In ka san tsohon mai gyaran radiyo a Birni ko Sabon Gari, ka roƙe shi ya buɗe maka tsohuwar adakarsa, ECC83 da EL84 sun yi aiki a radiyo da yawa.

Ina so in sauya masa murya. Daga ina zan fara?

Daga abin da za a iya mayarwa. Mafi sauƙi shi ne kwalbar farko. 12AX7 na ninka sigina sau 100, 5751 sau 70, 12AY7 wajen sau 40, kuma mazauninsu ɗaya. Masu salon gitar Abzin da ke son tsirkiya ta fito tas ko an ƙure maɓalli, 12AY7 nake sa musu, aikin minti ɗaya.

Na biyu lasifika, ita ce ta fi kowane abu canza murya. Ka cire ta asali ka ajiye a kwali, ka sa sabuwa mai om, wato ma'aunin nauyin da lasifika ke ɗora wa ampili, daidai da ta da. Wannan ma kariya ce, don takardar tsohuwar lasifika ta sha hunturu ta bushe, dare ɗaya na biki zai iya yaga ta.

Sai na ciki, masu bukatar dalma amma ba huji. Cire ƴar kwandansar da ke kan maɓallin murya yana rage tsinin sauti. Rage kwandansar da ke haɗe da katod na kwalbar farko, wato ɓangaren da zare ke ɗumamawa, daga mikrofarad 25 zuwa 0.68, irin yadda Marshall ya yi daga baya, yana rage kumburin ƙasa. Rage wutar da ake mayarwa daga fita zuwa baya yana sa shi saurin gurnani. In kana ganin waɗannan ƙananan abubuwa ne, ka tuna JTM45 kusan kwafin Fender Bassman na 1959 ne. Abin da aka canza kaɗan ne, kwalbar farko, taransifo, da lasifikan Celestion cikin rufaffen akwati, amma ba wanda zai ji su ya ce abu ɗaya ne.

Abin da ba na yi shi ne huda shasi ko fuska. Ana zuwa a ce in ƙara maɓalli, in ƙara rami. Hujin da aka yi ba ya toshewa, kuma ranar da aka yi shi darajar ampilin ta faɗi. In rage ƙara kake so alhali yana gurnani, akwai akwatin rage ƙarfi da ake sawa tsakanin ampili da lasifika, ko ka sa feda, ƴar na'urar sauya murya da ake takawa da ƙafa, a gaba. In kuma dole sai an ƙara maɓalli, a yi amfani da ramin da ke akwai, kamar na lasifika ta biyu.

Zan iya sa EL34 a wurin 6L6, tunda mazauninsu iri ɗaya ne?

Za ta shiga ramin, amma zaren EL34 yana cin ampa 1.5, na 6L6 kuwa 0.9. Kwalba biyu ko huɗu, ka lissafa ƙarin nauyin da ka ɗora wa taransifon da dama yana fama da zafi. Ga sake haɗin ƙafafu, ga sake bayas. Bai cancanci wahalar ba. Haka ma maye kwalbar gyara wuta, irin GZ34 ko 5Y3, da diyod: wutar ciki za ta hau, kuma wannan laushin da ake ji in an bugi tsirkiya da ƙarfi zai ragu.

Wat 15 ba zai yi kaɗan ba?

Ka zo ka tsaya gabansa. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake kawowa, sai ka ninka sau goma kunne ke jin ƙara ta ninka. Mai wat 15 zuwa 22 ya ishi ɗaki da tsakar gida, a fili kuma sai a sa masa makirfo. Mai wat 85 kafin ya kai inda yake daɗi, mai unguwa ya aiko.

Me ke kashe taransifon fita?

Kunna ampili babu lasifika, ko da wayar lasifika da ta tsinke. Na tiranzisto bai damu ba, wannan kuwa ƙarfin da ya rasa mafita komawa yake cikin naɗin ya huda shi. Kullum ka leƙa baya kafin ka kunna. Ka kuma kiyaye om: lasifika biyu masu 8 in an haɗa su gefe da gefe sun zama 4, in an jera su bi da bi sun zama 16. Wayar gitar ba ta zama wayar lasifika, siririya ce.

In ya ƙone, masu naɗin fanka da injin ruwa suna iya naɗa taransifon wuta in an ƙirga zagayen da kyau. Na fita kuwa naɗinsa hawa-hawa ne, ana saƙa na shiga da na fita cikin juna, wanda bai sani ba zai naɗa maka abin da ke ƙara amma muryar ta tafi. In za a naɗa, ina zama kusa ana warwarewa ina rubuta kowane hawa.

Yana ƙugi ko ba a kiɗa.

Ka zare gitar. In ya yi shiru, laifin waya ne ko gitar ko fitilar da ke kusa. In bai daina ba, ka saurari kaurin ƙugin. Mai kauri sosai, na 50, yawanci daga wayar ƙasa ne ko layin zare. Wanda ya ɗan fi shi tsini, na 100, kwandansan tace wuta ne suka gaji. Ƙarar ƙwas-ƙwas in ana juya maɓalli ƙurar hunturu ce, a fesa maganin wanke maɓalli, ban da baƙin mai ko kananzir.

Akwai tsohon ampilin lasifikar masallaci mai kwalba a gidanmu. Zai zama na gitar?

Sosai, kuma wannan ne aikin da na fi jin daɗinsa, don a nan kana da ƴancin yin yadda ka ga dama ba ka ɓata abin tarihi ba. Bouyer na Faransa, Geloso na Italiya da Philips duk sun yi irinsu, da taransifo masu kyau da EL84 ko EL34. Ana sake haɗin ramin makirfo ya dace da gitar, a gyara sashen sauti, a duba cewa taransifon fita yana da bakin om 8 ko 16, don wasu layin bolt 100 na lasifikan ƙaho kaɗai suke da shi.

Wanda za ka guje wa shi ne tsohon radiyo marar taransifon wuta, irin da Faransawa suka yi don ya ci kowace irin wuta. Shasinsa a haɗe yake kai tsaye da wutar gari. Ka ciri kwalabensa in suna da amfani, ka bar sauran.

Yaya zan ɗauke shi zuwa wurin wasa?

Ka bar shi ya huce minti goma kafin a motsa shi, zare mai zafi ba ya son girgiza. In hanya mai nisa ce ko mai gargada, kamar ta Tanut, ka zare manyan kwalabe ka naɗe kowace cikin tsumma, ka yi musu alama don kowace ta koma raminta. A mota a tsaye ake ajiye shi a kan katifa ko bargo. A wurin wasa kada a jingina bayansa da bango, kada rana ta same shi, in da hali a sa masa ƙaramar fanka a baya. In yana da maɓallin jira, ka kunna wuta, ka ba shi rabin minti, sannan ka buɗe. In an dawo gida a rufe shi da zane, a ɗora shi a kan benci saboda gara, kuma ko ba wasa a riƙa kunna shi rabin awa sau ɗaya a wata.